Ana iya sanin yawan ƙasar da ruwan sama zai kwashe tun kafin ya kwashe ta?

Wani malamin gona ya aiko da wannan tambaya. An ɗora masa aikin tsara yadda za a kare gonakin da ke kan gangare daga zaizayar ƙasa. Gonakin suna da yawa, abin da aka ware wa aikin kaɗan ne, kuma ya ji ana maganar wani lissafi mai suna USLE da ake cewa yana faɗin tan nawa na ƙasa gona za ta rasa a shekara. Yana son ya san ko maganar gaskiya ce, da kuma ko zai iya dogara da lissafin wajen zaɓar inda zai fara.

Malam, ana iyawa, kuma tun shekarun 1960 ake yi. Sai dai ina so ka riƙe abu ɗaya tun daga farko, domin a kansa duk amsar tawa ta tsaya: amfanin wannan lissafi yana wajen gwada zaɓi da zaɓi. Zai nuna maka wace gona ta fi wata shiga haɗari, da wane gyara zai fi rage asara a gona guda. Adadin da zai fitar maka kuwa, ka ɗauke shi a matsayin kintace na matsakaicin shekaru masu yawa. Wanda ya riƙe shi haka zai ci moriyarsa sosai. Wanda ya ɗauke shi kamar awon sikeli zai sha kunya a gaban manoma.

Bari mu fara daga abin da ke faruwa a ƙasa, kafin mu zo takarda. Yawancin mutane suna ɗora laifin zaizaya a kan ruwan da ke gudu. Gudun ruwa ɗan dako ne, mai fasa ƙasar shi ne ɗigon da ke faɗowa daga sama. Babban ɗigo yana sauka da gudun da ya kai mita 9 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da kilomita 30 a awa. Idan ya daki ƙasar da ba ta da rufi sai ya farfasa dunƙulenta, ya watsa ƙwayoyinta ko'ina. Ka duba ganyen ƙasa-ƙasa na shuka bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, za ka ga laka ta fantsamu a bayansu har tsawon taki guda ko fiye. Ƙananan ƙwayoyin da aka watsa su ne ke komawa su toshe kofofin da ruwa ke bi ya nutse, ƙasa ta yi ɓawo a sama, ruwa ya rasa hanyar shiga, sai ya kama gangare ya tafi da abin da ɗigo ya riga ya kwance masa.

Wani masani mai suna Norman Hudson ya nuna wannan a fili a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, a shekarun 1950. Ya ware filaye biyu, duka babu ko tsinken ciyawa a kansu. Ɗaya ya bar shi a buɗe, ɗayan kuma ya shimfiɗa ragar waya irin ta hana sauro a ɗan sama da ƙasar. Ragar ba ta tare ruwa ko kaɗan, duk abin da ya sauka yana isa ƙasa, ƙarfin ɗigon kawai take karyawa. Da aka tara awon shekaru, filin da ke buɗe ya yi asarar ƙasa fiye da ninki 100 na wanda ke ƙarƙashin raga. Ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, gangare ɗaya. Duk lokacin da na ga ana shirin kashe dukiya a kan siminti da duwatsu alhali gona tana tsirara, wannan gwaji nake tunawa.

Shi lissafin a Amurka aka haife shi. Bayan bala'in ƙura da zaizaya na shekarun 1930, gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935, ana kuma gudanar da tashoshin gwaji inda ake tare ruwa da lakar da ke fita daga ƙananan filaye ana aunawa. A 1954 aka kafa cibiyar tattara waɗannan bayanai a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana. Walter Wischmeier da Dwight Smith suka zauna a kan awon da ya haura 10,000, idan aka lissafa kowane fili a kowace shekara a matsayin awo ɗaya, suka fitar da ƙa'idar. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta buga ta a 1965, aka sake bugawa da gyara a 1978, sannan a 1997 aka fitar da sabon salo mai suna RUSLE. Ƙa'idar kanta gajeriya ce: A = R × K × L × S × C × P. Harafin A shi ne ƙasar da ake rasawa, tan a hekta a shekara. Sauran shidan kuma, bi da bi, ruwa ne, da ƙasa, da tsawon gangare, da tsayuwarsa, da rufi, da dabarar kariya. Duka ana gwada su ne da wani fili na misali mai tsawon mita 22.13, mai gangaren kashi 9 cikin 100 (wato yana sauka mita 9 a kowane mita 100), wanda ake nomewa daga sama zuwa ƙasa ana barinsa babu shuka. Wato ta fuskar rufi da kariya, kusan mafi munin halin da za a iya saka gona a ciki.

A kan R zan fi daɗewa, don a nan aka fi yin kuskure. R yana auna ƙarfin ruwan sama na cin ƙasa, kuma yawan ruwan shekara kaɗai ba ya faɗin sa. Wischmeier ya gano cewa abin da ya fi tafiya daidai da asarar ƙasa shi ne a ɗauki jimillar ƙarfin da ɗigon ruwa ya sauko da shi a ruwa guda, a ninka shi da tsananin zubar ruwan a cikin minti 30 da ya fi tsanani. Ɗauki ruwa biyu, kowanne milimita 30. Na farko mamako ne, ya kwana yana zuba a hankali har awa 10. Na biyu ya zo kamar da bakin ƙwarya, cikin rabin awa ya gama. A ma'aunin ruwan sama na yau da kullum, wanda ake leƙawa sau ɗaya da safe, su biyun abu ɗaya ne. A lissafin R kuwa na biyun ya fi na farkon ƙarfin cin ƙasa sama da ninki 30. Shi ya sa ma ƙa'idar take watsar da ruwan da bai kai milimita 12.7 ba, sai dai idan ya zubo da tsanani cikin ɗan lokaci. Hudson ma a nasa binciken ya ga cewa ruwan da tsananinsa bai kai milimita 25 a awa ba da wuya ya yi ɓarna.

Abin da wannan ke nufi a wurinka shi ne, ruwa biyu ko uku a shekara suna iya yin mafi yawan ɓarnar shekarar gaba ɗaya, kuma shekara ɗaya cikin goma tana iya kwashe abin da sauran tara ba su kwashe ba. Don haka ake son R ya fito daga awon shekara 20 ko fiye, da na'urar da ke rubuta ruwa minti bayan minti. Irin waɗannan na'urori ba su wadata ba a sassa da yawa na duniya. Akwai hanyoyin kewaye. A 2017 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Panos Panagos sun haɗa taswirar R ta duniya daga tashoshi 3,625 a ƙasashe 63, inda matsakaicin duniya ya kama kusan 2,190 a ma'aunin da ake amfani da shi yanzu, yankuna masu zafi da yawan ruwa kuma suka ninka hakan. Akwai kuma ƙa'idojin da ke kintata R daga ruwan wata-wata. Ka yi amfani da su, amma ka kula da wani tarko da na ga ya kama mutane da dama: tsofaffin littattafai suna ba da R da K a ma'aunin Amurka, sababbi kuma a ma'aunin mita. Tsakanin R na can da na nan akwai ninki 17. Idan ka ɗauko R daga wani littafi, K daga wani, ba ka duba ma'auninsu ba, amsarka ta lalace tun kafin ka fara.

K yana faɗin yadda ƙasa ke saurin ba da kai. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yashi mai manyan ƙwayoyi ba ya cikin masu saurin tafiya, don yana da nauyi kuma ruwa na nutsewa cikinsa da sauri. Yumɓu ma yana riƙe junansa. Wadda ta fi rauni ita ce ta tsakiya, mai laushi kamar gari, musamman idan ruɓaɓɓen ganye da taki sun ƙare a cikinta. Za ka iya gwadawa da hannunka: ɗauki busasshen dunƙule ka sa a hankali cikin kofin ruwa. Wani zai zauna minti da yawa yana nan yadda yake, wani kuma kafin ka ƙifta ido ya narke ya zama kunu. Wannan na biyun shi ne zai yi maka ɓawo da ruwan farko. Akwai jadawalin da aka fitar a 1971 da ke ba da K daga girman ƙwayoyin ƙasa, da yawan ruɓaɓɓen abu a ciki, da yanayin dunƙulewarta, da saurin shan ruwanta. An gina shi a kan ƙasashen noman Amurka, kuma jajayen ƙasashen yankuna masu zafi, masu sinadarin ƙarfe da yawa, sukan fi juriya fiye da yadda jadawalin ke nunawa.

L da S tare ake ɗaukarsu. Idan tsayuwar gangare ta ninka, asara tana fin ninki biyu. Tsawo kuma a hankali yake ƙarawa: a gangaren da ya kai kashi 5 cikin 100, sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin asarar kowace hekta ta ninka sau biyu. Tsawon da ake nufi yana farawa daga inda ruwa ya fara gudu, ya ƙare a inda ya shiga wata hanyar ruwa ko inda ya lafa ya fara ajiye laka. Wannan da ƙafa ake gane shi. Na taɓa duba wata taswirar zaizaya da aka haɗa a kwamfuta daga bayanan tauraron ɗan'adam, ta yi kyau ƙwarai, ja da kore da rawaya. Da muka shiga filin sai muka tarar kwamfutar ta ɗauki gangaren a matsayin zubi ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mitoci, alhali iyakokin gonaki da shinge da hanyar ƙafa sun yanka shi gunduwa-gunduwa. Inda taswirar ta yi ja wur, ƙasa na zaune lafiya. Inda ta yi kore, a gefen wata hanya da ke tara ruwa, nan kwazazzabo ke cin gona. Raina ya ɓaci a ranar, domin saura kaɗan a kai kayan aiki inda ba a bukatarsu.

R da K ba su hannunka. Gangare ma kaɗan za ka iya taɓawa. C da P su ne naka, kuma C ya fi kowanne faɗin tasiri. A fili tsirara C yana daidai da 1. A ƙarƙashin daji mai kauri ko ciyawa da ta rufe ƙasa ruf yana sauka ƙasa da 0.01. Babu wani jigo a lissafin da mutum zai iya motsawa da ninki 100 in ba shi ba. Kuma rufin da ke kwance a kan ƙasa ya fi wanda ke sama aiki, domin ɗigon da ya taru a ganyen doguwar bishiya yana faɗowa da girma da ƙarfinsa. Karan amfanin gona da aka bari a kwance, ko da kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa kawai ya rufe, yana rage zaizaya da kusan rabi.

A nan akwai abin da masu gaggawa ke tsallakewa. C ba adadi ɗaya ba ne na shekara, yana canzawa daga huɗa zuwa shuka zuwa lokacin da ganye ya haɗe. Ƙa'idar ta ce a auna C na kowane mataki da kason R da ke faɗowa a wannan matakin. Gona biyu masu shuka iri ɗaya za su iya bambanta nesa ba kusa ba, don kawai ɗaya ta rufe ƙasa kafin manyan ruwaye su zo, ɗayar kuma manyan ruwayen sun same ta a buɗe. Idan ka zana R na kowane wata a takarda, ka zana rufin gona na kowane wata a ƙarƙashinsa, makonnin da ruwa ke da ƙarfi ƙasa kuma tana tsirara za su fito maka ɓaro-ɓaro. Ni a ganina wannan zane ɗaya ya fi adadin ƙarshe na lissafin amfani, domin yana gaya maka lokacin da za ka yi yaƙin.

P kuma shi ne dabarun da ke rage gudun ruwa: yin kunya a gicciye da gangare, jera duwatsu, dasa layin ciyawa mai saiwa kamar jema, ko yanka gangare matakala-matakala. Kunya a gicciye tana rage asara da kusan rabi a gangaren kashi 3 zuwa 8 cikin 100. Amma tana da iyaka. Idan gangaren ya yi tsawo, ko kunyar ba ta bi daidai ba, ruwa zai taru a wuri ɗaya ya fasa ta, ya fasa ta ƙasa da ita, ɓarnar ta fi ta wanda bai yi komai ba.

Ga misali da na ƙirƙira don ka ga yadda ake aiki da shi. A ce R 5,000 ne, K kuma 0.03. Gona mai tsawon mita 100 a gangaren kashi 5 cikin 100, L da S nata a haɗe sun kusa 1. Ana shuka a layi, ana kwashe kara duka bayan girbi, a ce C ya kama 0.4, kunya kuma tana bin gangare, P ya zama 1. Lissafi ya ba da tan 60 a hekta a shekara. Yanzu ka yanka tsawon nan gida huɗu da shingen da ke tare ruwa ya karkatar da shi, kowane yanki mita 25: L da S sun koma kusan 0.5, asara ta koma 30. Ka juya kunya ta gicciye: 15. Ka bar kara a ƙasa har C ya sauko 0.15: ƙasa da tan 6. Ko da ainihin asarar gonar 40 ce ko 90 a maimakon 60, jerin matakan da girman tasirin kowanne suna nan daram. Daga nan sai ka sa wahala da tsadar kowane mataki a gefensa, ka zauna da mai gonar ku ga wanne zai iya ɗauka. Manomin da ke bukatar karan nan don dabbobinsa ba zai bar shi a ƙasa don lissafinka ya yi kyau ba, kuma yana da gaskiyarsa. Sai ku nemi wani rufin, ko ku ƙara ƙarfi a wajen shinge.

Har zuwa ina za a sauko kafin a ce ya isa? A Amurka an sa wa kowace irin ƙasa iyakar asarar da ake ganin za ta jure, daga kusan tan 2 zuwa 11 a hekta a shekara, gwargwadon zurfinta. Kada ka ɗauki 11 ɗin nan ka shafa wa kowace gona. Ƙasa marar zurfi da ke kan dutse ko tsakuwa ba za ta jure ko rabinsa ba, kuma a wurare da yawa ƙasa ba ta haifuwa da saurin da ya kai ko ƙaramin adadin. Ka kuma lura da yadda abin ke ɓoye kansa. Milimita ɗaya tak da aka share daga hekta guda ya kai ƙasa cikin akwati 10 masu mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, kusan tan 13. Babu idon da zai ga milimita ɗaya. Manomi zai rantse maka gonarsa ba ta zaizaya, alhali a shekara 20 ya rasa kaurin yatsa na ƙasar da ta fi kowace albarka, wadda taki da ruɓaɓɓen ganye ke ciki. Babban alherin lissafin ke nan a wurina, yana sa a ga abin da ba ya ganuwa tun ana iya tare shi.

Dole kuma in faɗa maka inda ba ya kaiwa, kuma Wischmeier da kansa ya yi wannan gargaɗi a rubuce a 1976 da ya ga ana kai lissafin inda ba a gina shi don can ba. Yana auna zaizayar da ke share fuskar ƙasa da ta ƙananan hanyoyin ruwa da garma ke iya shafewa. Kwazazzabo, da zaftarewar tudu, da cin bakin kogi, da zaizayar iska, duk ba sa ciki. Idan babbar matsalar yankinka kwazazzabo ce, ka bi ruwan da ƙafa har ka gano inda yake taruwa, lissafin nan ba zai nuna maka ba. Ba ya faɗin abin da ruwa ɗaya ko shekara ɗaya za ta yi. Ba ya kuma faɗin lakar da za ta isa kogi ko madatsar ruwa, domin da yawa daga abin da ya bar saman gangare yana kwantawa a gindinsa. Don irin waɗannan tambayoyi aka ƙirƙiro wasu, kamar MUSLE na 1975 mai duba ruwa ɗaya-ɗaya, da WEPP da aka fitar a 1995 mai bin yadda ruwa ke nutsewa da gudu da ɗaukar laka mataki-mataki, sai dai suna cin bayanai da yawa. An kuma lura cewa irin waɗannan lissafe-lissafe sukan zuzuta asara inda take kaɗan, su rage ta inda take da yawa. Sannan R ɗin da aka samo daga awon shekarun baya yana iya gazawa, tunda iska mai ɗumi tana ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, abin da ke ƙara tsananin manyan ruwaye. Ka bar sarari a tsarinka saboda haka.

Da ni ne a matsayinka, zan yi lissafin ga kowane rukunin gonaki, in jera su daga mafi haɗari zuwa ƙasa, sannan in ɗauki jerin in shiga gonakin washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka nemi ƙananan duwatsun da ke zaune a kan ɗan ginshiƙin ƙasa kamar an ɗora su da hannu: dutsen ya kare abin da ke ƙarƙashinsa, tsayin ginshiƙin kuma shi ne abin da ya tafi a kewayensa. Ka duba saiwar bishiya da ta fito waje, da lakar da ta taru a bayan shinge, da inda launin ƙasa ya koma fari ko ja don ta ƙasa ta bayyana. Ka tambayi mai gonar inda ruwa ke shigo masa, ya fi kowace taswira sani. A gonaki biyar ko shida, wasu da aka gyara wasu da ba a taɓa ba, ka kafa sandunan ƙarfe sirara a layi daga sama zuwa gindin gangare, ka auna tsayin abin da ya fito waje ranar da ka kafa su, ka rubuta. Ka sake aunawa a ƙarshen damina, da ta gaba, da ta bayanta. Idan sandunan da alamomin ƙasa suka saɓa wa jerin da takarda ta ba ka, ka koma ka duba tsawon gangaren da ka saka da kuma C, domin a nan kuskuren ya fi ɓuya.